Ranar da muka yi wa firji muƙabala

Shekaru sun ja, amma abin da taubashina ya yi mini a zauren gidansu da ke Tambuwal yana nan daram a raina, kuma ba na jin zai taɓa fita.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Kebbe, ni ke kula da firjin allurar rigakafin yara. Akwai wata 'yar na'ura maƙale da shi, tana auna sanyinsa kowace awa tana ajiyewa, sai an jona ta da kwamfuta ake ganin abin da ta tara. Wani rigakafin idan ya daskare ya tashi aiki ke nan, ko da ya narke ya koma tamkar lafiyayye. Na dawo daga hutu na tarar tsohuwar kwamfutarmu ta mutu, sabuwar kuwa ba ta ma san da zaman na'urar ba, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya daɗe da watsar da ita. Ga shi an riga an yi shela cewa mata su kawo yara ranar Alhamis, har daga Fakku.

Ranar Asabar na ƙunshe na'urar da kwamfutar, na hau babur sai Tambuwal wurin ɗan kawuna. Gidansu gidan malamai ne, ya sha karatun littattafai a gaban mahaifinsa kafin ya koma na kwamfuta, shi ya sa nake kiransa malamin da ya gudu daga tawada. Ya ce abin da babu shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Zai rubuta sabuwa a kan Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ya sake ta kyauta ga duk mai irin na'urar.

Kwana uku yana zaune a kan tabarma, yana aika wa na'urar tambaya, yana rubuta amsarta a littafi. Ban taɓa ganin haƙuri irin wannan ba. Talata da hantsi sai ga lambobin awon sanyin sun zubo, duka tsakanin biyu da takwas, daidai yadda ake so. Na yi hamdala na fara ɗaure kayana.

"Ina za ki, taubashiya? Ai ba mu yi muƙabala ba."

A gidansu idan an kwafi littafi da hannu, sai ɗaya ya riƙe na asali yana karantawa, ɗaya yana bin kwafin, kafin a yarda da shi. Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan ba littafin fiƙihu ba ne, kuma hanya tana jirana.

"Ni nir rubuta abin ga, kuma ban yarda da shi ba tukuna," in ji shi. "Ke mi yas sa kinka yarda?"

Ya sa aka kawo ƙanƙara da gishiri a kwano, ya tsoma bakin na'urar tare da ma'aunin zafi na gilashi. Ni ke karanta gilashi, shi yana bin kwamfuta. Takwas, shida, huɗu, biyu, duk muna tafiya tare. Da nawa ya faɗa ƙasa da sifili sai nasa ya juya ya fara hawa. Na ce uku ƙasa da sifili, ya ce shi uku kawai yake gani. Direbarsa tana zubar da alamar da ke nuna an shiga daskarewa.

Kafin la'asar ya gyara. Muka sake duba tarin lambobin, sai ga kwana biyu cur da firjin ya yi yana ƙasa da sifili, ina hutu. Ya juyo mini da kwamfutar. Da na tafi da hantsi, da na tsira wa jarirai ruwan banza, iyayensu su koma gida suna cewa an kare su.

Ranar Alhamis na tsaya gaban matan na faɗa musu allurar ta lalace, sai wani makon. Wasu suka yi tsaki, ban ga laifinsu ba. Wata dattijuwa daga Fakku ta gyara goyon jikarta ta ce, "Mu dawo, ɗiyata. Tunda kinka faɗi gaskiya, mu dawo." Kuma sun dawo.

Shi kuwa da ya tashi sakin direbar, sai ya rubuta kuskurensa a saman shafi, tare da yadda ake gwajin ƙanƙara da gishiri. Na tambaye shi ko bai ji kunya ba, ya ce ba ya so wani ya amince da aikinsa ido rufe kamar yadda na yi.

Tun daga ranar na koyi cewa amsar da ta fi yi mini daɗi ita ta fi cancantar in sake dubawa, musamman idan jikin ɗan wani ne zai ɗauki sakamakon.