Takardar da Na Mayar Miki, Auta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran sakatariyar ofishinmu na lauyoyi, wadda duk muke kira Auta, bayan jinyar kwana tara. Shekarunta talatin da biyu.

Auta, shekara shida teburina yana kallon naki. Ni ke kula da fayil, ke kina buga takardu. Ban taɓa ganin mai saurin hannu irinki ba, ga tsokana kamar me. Idan na ɓatar da tabarau kina gani a goshina, sai kin bari na birkice durowa uku kafin ki nuna min. Amma idan tsoho ya shigo da takardun gida, ke ce za ki ja masa kujera, ki karanta masa layi-layi har ya gane. Na ga ranar da kika bi wata bazawara har bakin titi da lema, don kawai ta manta kwafin takardarta.

Aikin da kika fi ƙwarewa a kai shi ne takardar wakilci, wadda mutum ke naɗa wanda zai yanke shawara a madadinsa idan ciwo ya hana shi magana. Kin buga wa mutane ɗaruruwa. Kullum faɗanki ɗaya, wai sai furfura ta fito mutane ke tunawa da ita, alhali ciwo bai san shekaru ba.

Ranar Litinin kika dafe kai kika zame daga kujera. A asibiti likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Akwai aikin tiyata, mai haɗari ne, kuma kowace rana da ta wuce tana rage sa rai. Yana buƙatar sa hannu. Mijinki injiniyan jirgin ruwa ne, yana tsakiyar teku, waya ba ta shiga. Saura Mama, mahaifiyarki, da ta ji an ce za a buɗe kanki ta tsorata. Ta riƙe biro ta ajiye, ta ce ba za ta iya ba sai mijinki ya ce a yi.

Na ce wa likita na san ra'ayinki, kin sha gaya min ko kashi ɗaya cikin goma ne a gwada. Ya tambaye ni, “Hajiya, ke mece ce ɗinta?” Na ce abokiyar aiki. Ya ce in yi haƙuri. Kwana huɗu muka yi a barandar asibitin kafin a samu mijinki. Ya ce a yi, aka yi, amma ba ki farka ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma ya hana ni sakat. Wata biyar da suka wuce kin ajiye takarda a gabana, taki ce, da sunana a gurbin wakiliya. Kika ce, “Yaya, sa min hannu. Maigida ba ya zama, Mama kuma ko allura aka ce sai ta yi kuka.” Na ture ta. Na ce ki daina yi wa kanki mugun baki, yarinya ɗanya shakaf, ni da na girme ki da shekara ashirin ban yi tawa ba. Kika yi dariya kika ce za ki sake kawowa. Aiki ya sha kanmu. Ni da na kwashe rabin rayuwata ina jera irin takardun nan, ni na ɗauke ta abin camfi.

Na sani kwana idan ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi, ban kuma ja da hukuncin Allah ba. Sai dai kin nemi abu ɗaya a wurina, na minti biyu, na hana ki. Wannan yana ci min rai, kuma ina jin kunyarki.

Allah Ya jiƙanki, Auta. Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya saka miki da Aljanna kan kowane mai rauni da kika tsaya wa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, wanda ya sauka bayan an rufe ki, da ƴan uwa da abokan aiki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Mama, ranar da na zo gaisuwa kin kama hannuna kina kuka, kika ce ke kika jinkirta wa ɗiyarki magani. Tsoro ya hana ni gaya miki gaskiya. Ki sauke wannan nauyi, ba naki ba ne. Ɗiyarki ta san ba za ki iya ba, ta kuma yi shirin ɗauke miki tun da wuri. Ni ce na ƙi sa hannu. Ki yafe min.