Ƙulli Ɗaya na Safe, Biyu na Magariba

Shekarun baya, kafin kaina ya gama zama auduga, ni ce ungozomar unguwarmu a Kuyello. Rabin samarin da ke cika mana kunne da babura yau, ni na yanke musu cibiya. Boko ban yi ba, allo ma iyakata abin salla. Surukata ce ke rubuta muku wannan a wayarta, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Ina tsakiyar cin zamanina ido ya ci amanata. Ba yanar ido ba ce da kowa zai gani fari fat. Idona garau, kamar na budurwa. Amma duk abin da na tsura wa ido, sai tsakiyarsa ta ɓace, gefe-gefe kawai nake gani. Hanya ina bin ta, mutane ina gane su da murya da tafiya. Na ja bakina na yi gum. Wace mai naƙuda ce za ta bar makauniya ta riƙe reza a kan ɗanta?

Ana haka hawan jini ya same ni. Ɗana ya goya ni a babur, muka ratsa daji muna salati har asibiti a Birnin Gwari. Mai ba da magani ya tambaye ni ko na iya karatu, na ce a'a. Sai ya yi abin da suke yi wa irinmu: ya ja layi da biro a jikin ledojin maganin, wannan ɗaya, wancan biyu.

"Kin gani, Iya?"

Na ce, "Sarai." Wallahi ban ga komai ba.

Ƙwayoyin duk farare ne, girmansu ɗaya. Na riƙa sha yadda hannu ya ɗauko, har ranar da jiri ya kayar da ni a bakin murhu. Aka mayar da ni asibiti, wannan karon da surukata.

Malamin da ya auna ni ya ɗaga murya a gaban jama'a. "Ku tsofaffi sai taurin kai! An ja miki layi, ɗan yaye ma zai gane. Ko kin watsar kin koma saiwa?"

Na ce, "Yaro, da ni na karɓi haihuwarka, da na fara gyara maka harshe kafin cibiya."

Aka kwashe da dariya. Shi ya ga ido buɗe, ya gama hukunci. Ni kuwa gara a ce min mai taurin kai da a ce min makauniya.

Akwai wata nas a gefe, Bagwariya, Hausarta na ɗan karkacewa. Ta ja ni wani ɗaki, ta aiki surukata sayen ruwan leda, ta tura ƙofa. Ta miƙo min ledar magani.

"Mama, layi nawa ne a nan?"

Na ce, "Biyu."

"Ba ko ɗaya. Sabuwar leda ce." Ta yi ƙasa da murya. "Tun da kika shigo kike kallon mutane a karkace, kamar kaza ta hango shaho. Tun yaushe?"

Ban yi kuka ba. Ruwa ne dai ya zubo. Na faɗa mata komai, har da sana'ata da abin da nake tsoro.

Ba ta ce min sannu irin ta tausayi ba, da na tsane ta. Zare ta yanko ta sa min a hannu. "Tunda ke ungozoma ce, ɗaure bakin ledar nan yadda kike ɗaure cibiya. Ƙulli ɗaya na safe. Ɗaya ledar kuma ƙulli biyu, na magariba." Na ɗaure cikin ƙiftawar ido. Ta ja, ta ja, ya ƙi kwancewa. Ta ce, "Kai, Mama! Ni ma sai kin koya min."

Ta sa likita ya rubuta min takardar zuwa asibitin ido a Kaduna. Ta rubuta a katina cewa a daina nuna min abu da yatsa, a sa min a hannu. Sannan ta riƙe ni.

"Saura reza. Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma jaririn da za a haifa gobe bai san girmanki ba, Mama."

Maganar ta zauna min a ƙirji. Muna ƙarƙashin bishiya muna jiran ɗana, na daure na ce wa surukata, "Ke, idon nan fa ya tafi."

Ta sunkuyar da kai. "Inna, na sani tun damina. Wa kike tsammani yake sake tsince shinkafar da kika tsince?"

"To me ya hana ki magana?"

"Ina ni ina ce wa uwar miji ba ta gani?"

Kun ji fa. Ni ina ta ɓoyo, ashe gidan ne ke ɓoye min.

A Kaduna suka ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na karɓa. Yanzu in an kira haihuwa, mu biyu muke zuwa, ni da surukata. Ita ke riƙe reza, ni nake riƙe mai naƙuda, kuma ƙullin cibiya har gobe nawa ne. Ba gidan da ya daina kiranmu.

Malamin nan da ya ɗaga min murya ban riƙe shi a zuci ba, ni ma ai na taimaka masa da ƙarya. Amma ku da ke aikin asibiti, in tsohuwa ta ce muku "sarai," ku ƙara dubawa. Ba kowane ciwo ne ke zuwa da sanda ba.

Nas ɗin an daɗe da canja mata wurin aiki, kuma ko fuskarta ban taɓa gani sosai ba. Amma kullum da magariba, in yatsana ya taɓa ƙulli biyu, sai na sa mata albarka kafin in kai ƙwayar baki.