Kada Ku Ɗora wa Gidan Nan Kaya

Mu tara Baba ya bari, da gida ɗaya a Rikkos. Muka yi aure, muka hayayyafa, har tsakar gida ta zama sai a kaikaice ake wucewa. Fili kuwa a unguwar ya fi ƙarfinmu, don tun bayan rikice-rikicen garin nan kowa so yake ya zauna cikin 'yan'uwansa, ba mai son yin nisa. Babban yayanmu ya ce tunda gefe ya ƙare, sai a yi sama. Sama ba ta da dillali.

Muka yaye kwano, muka ɗora bene. Da ya cika muka ƙara wani, har muka bar rodi tsaye a kan rufi don na gaba.

Kafin rasuwarsa Baba ya sha cewa, “Kada ku ɗora wa gidan nan kaya.” Mu duk mun ɗauka rigimar gado yake ja mana kunne a kai. Har alfahari muke ba mu taɓa zuwa gaban alƙali ba!

Ran nan wani tsoho da suka yi aikin haƙar kuza tare da Baba ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu. Ya ɗaga kai, sai salati.

“Hajiya, wa ya ba yaran nan wannan shawara? Nan ai ramin kuza ne. Ni da ubansu muka cike shi.”



Ɗakin Inna a ƙasa yake, kuma akwai wata 'yar tsaga a bangonsa da na daɗe ina gani. Ni tela ne, sai na fara auna ta. Da farko allura ce ke shiga. Da damina ta kankama, tsinken ashana ya shige. Yaya ya ce fulasta ce kawai. Fulasta! Na yi masa tas, har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Na durƙusa na roƙi Inna ta koma wurin ƙanwarmu kafin ruwa ya ɗauke.

Ta ce, “Jikokina suna kaina suna guje-guje, ni in tsere? In ka samo inda za ka kai su duka, zo ka ɗauke ni.”

Ban da inda zan kai su. Tsoro nake ji, ko hadari na hango sai ɗinki ya karkace mini.

Jiya da safe ɗan yatsana ya shiga tsagar.