Sautun Kakata Zuwa Sakkwato

Shekarun baya da ɗan dama, ina ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato sakandaren Filinge, malaminmu na tarihi ya ce ya gaji da koya mana daular Sakkwato a kan allo, gara ya kwashe mu mu je mu gani da idonmu. Lokacin hanya lafiya lau take. Aka tsara kwana uku: Degel, gidan tarihi, Hubbare, sai Wurno. Ni da ban taɓa wuce Yamai ba, ga ni zan ƙetare iyaka! Sati guda ina yawo a gari kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Kuskuren da na yi shi ne zuwa yi wa kakata sallama. Na same ta a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gujiya, na durƙusa na faɗa mata.

"Sakkwato kac ce, maigida?" Haka take kirana, wasan kaka da jika.

"Sakkwato, Kaka. Ziyara za mu."

"To, Allah ya kawo. Autana na can. Tsaya in ba ka saƙo."

Autan nata ƙanen mahaifina ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi cin rani, bai dawo ba, ba wasiƙa ba saƙon baki. Iyakar abin da aka sani, wani mutumin garin Damana ya taɓa cewa ya hange shi a Sakkwato. Ina ɗan ƙarami ya tafi, ko kamanninsa ban riƙe ba. Amma kowa a gidanmu ya san duk motar da ta tsaya a tasha ranar kasuwa, sai tsohuwar nan ta aika a dubo mata wa ya sauka.

Ta fito da kwalbar man shanu cike fal, an toshe bakinta da totuwar masara. Na ce, "Kaka, wace unguwa yake? Kina da lambar waya?"

"Lambar mi? Ba ka da ido? Tsagen gidanmu na bisa kumcinai. Ka dubi huskar mutane. Dut wanda kag gani da tsage irin na ubanka namu na, ka tambaye shi."

"Kaka, Sakkwato hwa ba Hilinge ta ba. Birni na."

"Ko birnin mi na, kowa da huskatai yake yawo."

Na kai ƙara wurin mahaifina, ina tsammanin zai cece ni. Ko ɗaga kai bai yi ba daga igiyar da yake tufka, ya ce in tsohuwa ta aike ka, tafiya ake yi. Haka na cusa kwalbar a jakata ina ƙunƙuni, tsakanin sabuwar rigata da littafin da zan rubuta rahoton tafiya.

Da bazara muka tafi, kuma duk wanda ya san zafin ƙasarmu ya san man shanu ba ya jure masa. Kafin mu kai Dogon Dutsi ya narke ya koma ruwa, totuwar ta yi tsalle a wani gargada, ni ban sani ba. Jakata tana bisa maratayar kaya, daidai saman jakar Mushe, wato malamin namu, kuma a cikinta takardar izinin fitarmu take da jerin sunayenmu. Wari ne ya fara tona mini asiri. 'Yan matan ajinmu suka toshe hanci da mayafi, abokina da ke kusa da ni ya leƙa sama ya ce, "Kai, jakarka na kuka."

A iyaka, bayan mun wuce Ƙonni, jami'in da ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama, ana hango rana ta cikinta. Ya ce wa Mushe, "Malam, wannan takardar izini ce ko ƙosai aka naɗe a ciki?" Awa biyu muka yi a tsaye ana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya daga cikin maiƙo. Mushe kallo ɗaya ya yi mini, na gwammace ya mare ni. Tun daga nan sunana ya ɓace, na koma Mai Man Shanu. Sulusin kwalbar ya tafi, sabuwar rigata kuma ta bi shi.

Mushe mutum ne mai tsari. Yana da usur a wuya da agogo a hannu, kowane wuri ya yanka masa mintocinsa. A Degel ya tara mu yana bayanin inda malamai suka zauna suka karantar, da yadda aka yi hijira daga nan, kowa na rubutu. Ni kuwa? Ina can gefe ina leƙen kumatun mutane. Wallahi ba da son raina ba. Na ce wa kaina shirme ne, ba zan yi ba, amma da zarar namiji ya gifta sai idona ya tafi fuskarsa da kansa. Na ga tsage iri-iri, na Gobirawa, na Kabawa, na Arawa, har da waɗanda ban san na su wa ba ne, ban ga namu ba.

A cikin Sakkwato abin ya ƙara lalacewa. A gidan tarihi ana nuna mana tsofaffin littattafan hannu da sulke da takubba, ni ina bin mai gadi da kallo har ya tsargu. A bakin kasuwa wani dattijo ya taka mini burki.

"Yaro, lahiya kaka kallona tun ɗazu? Na ci maka wani abu?"

Na ba shi haƙuri na ce kama ya yi mini. Abokina ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce in na gama da Sakkwato sai in wuce Kano, ita ma akwai fuskoki. Ranar na yi fushi da kowa: da kakata da ta mai da ni ɗan aike, da mahaifina da ya ƙi sa baki, da wannan bawan Allah da ya kasa aiko da ko gaisuwa shekara goma sha ɗaya. Littafin rahotona ba komai a ciki sai kwanan wata da tabon mai.

Rana ta biyu da hantsi muka isa Hubbare. Shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya, shi na fi ɗokin gani, har na yi alwashin yau ko wa ya gifta ba zan kalle shi ba. Mushe ya busa usur ya ce minti arba'in, a cire takalma, a shiga da ladabi. Na sunkuya ina kwance igiyar takalmina, na ɗago, sai ga wani tsoho zaune a jikin bango yana sayar da tasbaha da turare. A kumatunsa, ga tsagen mahaifina sak, kamar da aska ɗaya aka yi musu.

Na ji kamar in yi ihu don takaici. Sai yanzu? Na tsaya takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, 'yan ajinmu suna shigewa. Daga ƙarshe na ja tsaki na nufe shi, na gaishe shi, na ce daga Kurfai nake, ƙasarmu ta Filinge. Ya dubi fuskata, wadda ba ko ɗigon tsage, don mu zamaninmu an daina. Ya ce ɗan gidan wa? Na faɗi sunan kakana, na faɗi unguwarmu, na faɗi wanda nake nema. Sai ya ce, "Dogo, mai 'yar wushirya? Ruwa yaka turawa bayan tsohuwar kasuwa. In kana son ka ishe shi, yanzu na. In rana ta take, ya shige unguwanni, sai Allah."

Na dubi ƙofar Hubbare, na dubi jakata. Na roƙi abokina ya rufa mini asiri minti ashirin. Tsohon ya tsayar da wani mai kabu-kabu ya yi masa kwatance, na haye ina zagin kaina a zuci.

A bakin wani famfo na same shi, yana jera jarkoki a kura. Ba sai an nuna mini ba, mahaifina ne aka rage masa ƙiba. Na yi sallama na ce, "Baba, daga gida nike." Ya dube ni, ya sake dubana, jarkar da ke ƙarƙashin famfo ta cika tana zuba bai kula ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Inna na da rai?"

Na ce tana nan, ita ta aiko ni. Na miƙa masa kwalbar. Ya cire totuwar ya shinshina, sai ya juya mini baya ya daɗe yana gyara jarkokin da ba su bukatar gyara. Da ya juyo ya tambayi kowa da kowa, har da bijimin da aka yanka tun ina firamare. Na ce to, yaushe zai zo gida?

"Da wace huska? Tsarana sun koma da moto, sun yi ma uwayensu ruhin kwano. Ni in koma da mi, da kura?" Ya kama hannuna. "Don Allah ɗana, ka ce ba ka gane ni ba. Ka ce ka bi ko'ina ba ka gane ni ba. In na samu abin hannu, ni da kaina za ni taho."

Ban san lokacin da na ɗaga wa babba murya ba. Na ce shekara sha ɗaya ba ta isa ba? Na ce ya san abin da na baro don in zo nan? Shi dai ya ci gaba da cewa don Allah. Na ce to, na ji, don in samu in tafi.

Minti ashirin ɗina ya zama awa ɗaya da rabi. Na tarar kowa yana cikin mota, Mushe yana tsaye a bakin ƙofa, usur a baki amma ya kasa busawa don fushi. A gaban kowa ya ce ya kawo ɗalibai ziyara, ashe har da ɗan kamasho a ciki. A Wurno ya hana ni sauka, ya ce in zauna in yi gadin jakunkuna tunda na iya ɓata. Haka na je Sakkwato na dawo: Degel na ga kumatu, Hubbare na ga bango, Wurno na gan ta ta taga. Rahoton da na kwafa daga na abokina, Mushe ya gane, ya ba ni biyar bisa ashirin.

Duk hanyar dawowa ina haddace ƙaryar da zan yi. Na shiga gida a gajiye, ko ruwa ban sha ba kakata ta turo a kira ni.

"Maigida, ka gane shi?"

"Kaka, birnin da girma. Na duba, ban..."

"Ba ka duba da kyau ba dai. 'Yan lakwal, 'yan boko! An ce ku dubi mutane, kuna can kuna kallon bango."

Nan fa na fashe. Ina so in ce tsoron Allah ne ya sa na faɗi gaskiya, amma ƙarya nake, haushi ne zalla. Na ce, "Ni ban duba ba? Ni da ban ga komi ba sai huskoki? To na gane shi! Ruwa yaka turawa bayan tsohuwar kasuwa, kuma shi yac ce in ce miki ban gane shi ba, wai kunyar dawowa hannu wohi yaka ji!"

Sai da na rufe baki na gane abin da na yi. Tsohuwa ta tsayar da hannunta cikin ƙwaryar gujiya. Can ta ce a hankali, "Ya rame?" Na ce ya ɗan rame. Ta gyaɗa kai, ta ce in je in huta.

Ba ta sake tayar da maganar ba har aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero. Ranar da aka rufe rumbu, ta ɗaure 'yan tsummokinta ta ce wa mahaifina za ta bi maƙwabcinmu mai fataucin albasa zuwa Illela, daga can ta wuce. Mahaifina ya ce shi zai je. Ta ce autan zai iya ce wa yayansa a'a, amma ita a gwada a gani. Matar da ko kasuwar Baleyara ba ta taɓa zuwa ba, aka yi juyin duniya ta ƙi zama.

Kwana tara sai ga su a motar kasuwa, ita a gaba shi a baya, kayansa duka a buhu ɗaya. Daga baya shi ya ba mu labari. Ta shimfiɗa zanenta a ƙofar ɗakin da suke haya su shida, ta zauna, ta ce ko ya kai ta gida ko ya bizne ta nan kusa da waliyyai, duk wanda ya zaɓa ita ta ci riba. Kwana biyu ya iya jurewa. Kafin su taso kuma ta sa ya kai ta Hubbare, ta shiga, ta yi addu'arta a natse. Da ta dawo ta zaunar da ni tana ba ni labarin cikinsa dalla-dalla, har tana cewa, "Ashe kai ba ka shiga ba? To mi kunka tai yi?"

Har yau ban shiga Hubbare ba. Aiki da iyali da halin da hanya ta shiga sun hana, kuma in na tuna sai na ji haushin ya taso mini sabo. Har yau ina ganin rashin hankali ne a tura yaro birni da kwalbar mai, ba unguwa ba lamba, a ce ya dubi kumatu. Sai dai ni mai karatun na san sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, ita kuwa ta san duk inda namu suka je, wani yana riƙe da labarin wani. In aka ba ni sautu yanzu ina ƙunƙuni kamar da, amma ina karɓa.

Damina huɗu ta ƙara yi a duniya, ƙanen mahaifin nawa ne yake nome mata gonarta. Bai taɓa yi mata rufin kwanon ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ranar da ta rasu, mutum biyu ne suka sauka cikin kabari suka karɓe ta, mahaifina da autanta.