Ranar da Alhaji Ya Je Gaida Mai Ajiya

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauki babban attajiri muka kai shi Jiratawa don ya gaida wani ƙaramin akwati ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku aje wayoyinku ku saurara, don wata rana za a yi muku tambayar da aka yi mana.

Studiyonmu na hoto da bidiyo yana Sabon Gari, a nan Maraɗi. A sama akwai patoro, wato Kawu Isuhu ƙanen mahaifiyata, mai shago, mai kamarori, mai hawan jini. Ƙarƙashinsa akwai mai montaj, wanda ke yanka bidiyo yana jera shi a ordinatar, wato kwamfuta. Sai ni Balkisa, babbar daraktar ɓangaren mata. Ni na ba kaina muƙamin, amma ba mai iya ƙwace shi, domin ranar kamu namiji ba ya wuce zaure. Kawu kan zauna waje yana cin shinkafa, ni kuma ina ciki ina fama da gwaggwanni, kowace na so in ɗauko zinariyar hannunta kafin fuskar amarya.

Bara cikin bazara, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa zuwa yana tafiya kamar mai neman aure, har diskin da muke ajiyar aiki ya yi wani ɗan kuka ya mutu. A cikinsa akwai bidiyon sunan jikan Alhaji Lawali na unguwar Zariya, mai fataucin hatsi da atamfa. Gidan Alhaji gari ne guda. In ka cire bukukuwan gidansa daga aikinmu, abin da zai rage shi ne hoton katin ɗan ƙasa. Ga shi kuma bikin ɗansa ya matso. Alhaji ya aiko da magana a taƙaice: ko Kawu ya nuna mashi ajiyar da ba ta mutuwa, ko aikin ya koma wani studiyo. Kawu ya ce in hakan ta faru, kamara ɗaya zai sayar. Ban tambayi wacce ba. Tawa ce. Na hango kaina na koma gida ina dakan yaji har tsufa.

Mai montaj ne ya kawo shawarar wata irin ajiya ta intanet wadda ba ta da kamfani ɗaya mai riƙe da ita. Ga yadda take. Ka fara kulle bidiyon da mabuɗin sirri wanda kai kaɗai ke da shi. Sannan a daddatsa shi gunduwa-gunduwa, a yi wa gunduwoyin ƙari, a rarraba su ga mutane daban-daban a duniya waɗanda suka ba da hayar diskinsu. Ko wasu sun mutu, sauran sun isa a sake haɗa bidiyon. Masu hayar kuwa ba a biyansu da sefa, sai da jeton, wani kuɗi na cikin waya wanda farashinsa ke hawa da sauka kamar na gero.

Matsalar ita ce ba a sayar da jeton a Babbar Kasuwa. Da aka yi ta cigiya sai aka gano wani saurayi a Jiratawa mai suna Sabi'u, wanda ke ba da hayar diskinsa yana samun jeton, kuma yana sayarwa. Kawu ya tura mashi kuɗi ta waya, shi kuma ya turo jeton cikin asusun da aka buɗe a wayar Kawu. Tsakanin tura kuɗin da shigowar jeton, Kawu ya rame, ya yi wasiyya, ya yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mashi rai ban da ni. Da suka shigo, muka biya kuɗin ajiya, muka ɗora bidiyon da muka ɗauka ranar sa ranar bikin ɗan Alhaji don gwaji, muka hau adaidaita zuwa Zariya da fara'a.

Alhaji ya saurari bayanin Kawu har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To madalla. Shi mai ajiyar, ɗan wa ne?"

"Alhaji, ai ba mutum ɗaya ba ne. Suna da yawa, ko'ina cikin duniya."

"To babbansu fa? Ina shagonsa?"

"Ba su da babba, Alhaji."

Alhaji ya aje carbin. "Isuhu, tun ba a haife ka ba nake aje kaya a hannun mutane, daga nan har bakin teku. Ban taɓa aje ko buhun gishiri wurin wanda ban zauna a tabarmarsa ba. Sai na san ubansa, na san inda yake salla, na san ƙofar da zan buga in kaya sun yi ƙafa. Kai kuma ka kwashi iyalina, har da tsohuwata, ka yayyanka su ka raba wa mutanen da ba su da suna?"

 Ni kuwa bakina ba ya jiran izini. Na ce, "Alhaji, ai ɗaya daga cikinsu na nan Jiratawa."

Kawu ya harare ni harara mai iya dafa ƙwai. Alhaji ya ce, "Yawwa ɗiyata, yanzu na ji magana. Gobe da hantsi za mu je in gaishe shi. Ki taho da kamararki ki ɗauko mini fuskarsa da kyau, har da kunnuwa."

Washegari muka shiga motar Alhaji mai sanyi kamar randa. Ya sa babbar riga, ya sa an ɗauko ƙullin goro. Duk tsawon hanya Kawu na kiran Sabi'u yana raɗa mashi cewa ya share ɗaki ya sa riga mai hannu.

Muka same shi a bakin garkar mahaifinsa, tsakanin zogale da albasa, ƙafafunsa duk laka. Ya kai mu wani ɗan ɗaki inda batiran hasken rana suke, waɗanda ke juya injin ban ruwa. Aka shimfiɗa tabarma. Alhaji ya fara da abin da ya kawo shi: sunan uba, sunan kaka, wa ya aurar da gwaggonsa. Can sai ga shi kakan Sabi'u ya taɓa sayar wa mahaifin Alhaji gyaɗa a Tibiri, kuma mudunsa cikakke ne. Fuskar Alhaji ta saki. Kawu ya fara numfashi kamar sauran mutane.

"To samari, ina sito?"

Sabi'u ya nuna wani akwati a kan benci, bai kai burodi girma ba, da 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa.

Alhaji ya dubi akwatin, ya dubi Kawu, ya sake duban akwatin. "Kayana na cikin wanga?"

Sabi'u ya sosa ƙeya. "Gaskiya Baba, ban sani ba."

Na rantse a bidiyon da na ɗauka ana jin ƙarar faɗuwar gaban Kawu.

"Ba ka sani ba?"

"Wataƙila akwai gunduwa ɗaya, wataƙila babu ko ɗaya. Ba ni ke zaɓa ba. Kuma ko tana nan, ban iya gane ta."

"Buɗe in duba da kaina. Na san fuskar iyalina."

"Ba ya buɗuwa, Baba. Mabuɗin na wurin patoro."

Sai Alhaji ya yi abin da daga baya direbansa ya ce mini yana yi wa kowane sabon mai ajiya. Ya matso kusa, ya sassauta murya, ya ce, "Ni da kai ne. Ka leƙa mini kayan wani, ko na wane ne, in ga irin abin da mutane ke ajewa. Babur sabo, gobe."

Idon Sabi'u ya yi ƙwalla. Na ga babur ɗin na wucewa ta cikin idonsa, ja, da ledarsa. Ya ce, "Wallahi Baba, da ina iyawa da na shiga jarrabawa. Amma ban iyawa."

Alhaji ya yi wani ɗan murmushi, amma bai gama ba. "In gobara ta cinye wanga ɗaki fa?"

"Cire wayar akwatin, Baba, kamar ya ƙone. Sai patoro ya kira bidiyon mu gani."

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya kama wayar da ta fi kowace kauri ya fizge. Fitilar akwatin ta mutu. Fanka ta mutu. Injin ban ruwa ma ya yi tari ya mutu. Daga cikin albasa muka ji tsohon Sabi'u na ihu, "Kai Sabi'u! Wane marar aikin yi ne ya kashe mini ruwa?"

"Baƙo ne, Baba!"

"To ka ce ma baƙon albasa ba ta san baƙo ba!"

Alhaji, mutumin da manyan motoci ke jiran sa hannunsa, ya tsaya riƙe da waya kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Ya ce a hankali, "Isuhu, yi sauri."

Kawu ya danna wayarsa. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskarta. Ya juya, ya juya. Rezo, wato sabis ɗin waya, a ɗakin nan sanda ɗaya ce, ita ma ta gaji. Gumi ya jiƙe rigar Kawu har aljihu. Alhaji ya ce, "Ko dai sun gudu da kayan?" Ni kuwa kamarata nake gani tana yi mini bankwana.

Na fizge wayar, na fita, na taka amalanken da ke jingine, na haye rufin ɗakin da zanena da komai, na ɗaga hannu sama kamar mai kiran ruwa. Sanda ta zama biyu, ta zama uku. Sai kawai guɗa ta tashi daga wayar, ta cika garkar. Na juyo da fuskar wayar ƙasa. Ga mahaifiyar Alhaji zaune a kan darduma ranar sa rana, tana nuna kamara da sandarta tana cewa, "Ke 'yar nan, ki faɗa ma Lawali goron da ya aiko duk ƙanana ne."

Tsohon mai albasa, wanda ya iso da fartanya don ya ga marar aikin yi, ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon sama. Akwatin na mace a bayansa, tsohuwarsa kuma na yi mashi faɗa daga rufin ɗaki.

Ya ce, "Sauko, ɗiyata, kar ki karye kafin biki. Wa zai ɗaukar mini ɓangaren mata?"

Haka muka san aikin ya zauna. Kawu ya jingina da bango ya zame a hankali har ƙasa.

Aka mayar da waya, ruwa ya dawo, Alhaji ya ba tsohon haƙuri da rabin goron. Sauran ya miƙa wa Sabi'u, ya ce, "Mai ajiyar da ko ya so cin amana ba ya iyawa, ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Sauran abokan naka fa, ta ina ake aika musu gaisuwa?"

Kawu ya ce, "Alhaji, ai jeton ɗin da muke biya ya ishe su."

"Kuɗin aiki daban, gaisuwa daban, Isuhu. Shi ya sa har yanzu shagonka ɗaya."

Mun ɗauki bikin, mun ɗora shi, kuma yana nan lafiya. Duk lokacin da wa'adin ajiya ya kusa cika, Kawu kan sayi jeton ya sabunta, yana ƙorafin farashi.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan kana iya bayanin na'ura har muryarka ta dushe, mutumin Maraɗi zai gyaɗa kai ne kawai don ladabi. Ba ya ba da amanarsa sai ya ga wanda zai yi wa sallama. Don haka in mai biki ya tambaye ku wa ke riƙe da hotunansa, kada ku ce ba kowa. Ku nemo mashi mutum mai suna da uba.

Da Babbar Salla ta zo, Alhaji ya aika direba Jiratawa da cinyar rago, da saƙon cewa a raba wa duk masu ajiya na duniya. Sabi'u ya karɓa a madadinsu. Ya ce mini ya yi iya ƙoƙarinsa ya neme su, amma da yake ba wanda ya zo, dole shi da tsohonsa suka sauke nauyin.