Kakata Mai Wankan Gawa

In aka tambaye ni wanda ya fi kowa kirki a cikin mutanen da na sani, ba na dogon tunani. Kakata ce, Inna Ige, mahaifiyar babana. Ita ta raine mu, ni da ƙanwata Nana, a Ƙofar Kware cikin Sakkwato, bayan iyayenmu sun rasu. Kuma ita ce mutumin da na fi zalunta a duniya. Ban taɓa iya faɗin magana ta farko ba tare da ta biyun ta biyo baya ba.

Saƙar faifai ce sana'arta, amma ba da ita aka san ta ba. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu da unguwannin da ke kewaye. A bayan ƙofar ɗakinta akwai wata ƙwarya a rataye, cikinta da busasshen ganyen magarya da sabulu da kafur da allura da farin zare. Duk lokacin da aka yi sallama a ƙofar gida da wata irin murya, ba ta tambayar ko lafiya. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta sauko da ƙwaryar, ta yafa mayafi.

Gidanmu ɗaki biyu ne da 'yar rumfar girki. Da damina, idan mun ci tuwo, ruwa na dukan kwanon rufi, sai mu matsa jikin murhu. Ba ta yarda garwashi ya mutu a banza, ko masara ko gyaɗa sai ta tura mana a ciki. Har yau idan ƙamshin kafur ya haɗu da hayaƙin itace a hancina, sai in ji kamar ina zaune a wurin nan. Na lura tun ina ƙarami cewa ranar da ta yi wankan gawa, ranar ta fi son yi mana tatsuniya. Kamar tana neman ta ji hayaniyar masu rai.

Nana ba ta da riƙon baki. Sai ta ce, "Inna, wadda kika wanke yau, yaya take? Wai an ce cikinta ya kumbura?"

"Baiwar Allah ce," in ji Inna. "Ta tafi da tsabtarta."

Amsar ke nan kullum. Matar attajiri ko mahaukaciyar bakin kasuwa, wadda ta mutu da ƙiba ko wadda ciwo ya cinye, duk amsarsu ɗaya. Mata sukan shigo da sunan sayen faifai, su yi ta kewaye-kewaye don su ji ko akwai tabon duka a jikin wance. Su sha ruwa, su tashi da faifai, ba su tashi da labari.

Amma yaran unguwa ba wannan suke gani ba. Wata rana na fito da ɗanwake a kwano, na ce wa abokina Ladan ya sa hannu. Sai ya ja da baya, ya ce, "Hannun da ya taɓa gawa ne ya jefa shi." Sauran yara suka kwashe da dariya. Tun daga ranar sunana ya koma Jikan Mai Gawa.

Da yamma na ƙi cin tuwo. Na juya wa murhu baya.

"Mi as samu angona?" in ji Inna. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. "Ko ka samu wata amarya da ta fi ni iya tuƙi? Kawo ta in gani, in tana da haƙora in bar mata kai."

Na ce, "Ki bar wannan aikin. Kowa na ƙyamarmu."

Ba ta yi faɗa ba. Ta jujjuya masara a wuta, sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe." Haka take buɗe tatsuniyarta. Nana ta amsa yadda muka saba, "Ta shigo, akwai tabarma." Ni ban amsa ba, amma kunnena na wurin.

Ta ce a zamanin da, dabbobi sukan tuɓe fatunsu sau ɗaya a shekara su yi wanka a gulbi, kowa shi kaɗai. To dole a samu mai riƙe fata a bakin ruwa, don kada iska ta tafi da ita. Aka fara ba aku. Kafin rana ta faɗi dawa duk ta ji cewa giwa na da ƙazuwa, kura kuma haƙarƙarinta a karkace yake. Aka kore shi. Aka rasa mai karɓar aikin, har ƙaiƙayi ya dami kowa. Sai ungulu ta ce ita za ta yi. A lokacin, in ji Inna, babu tsuntsuwar da ta kai ta kyawun gashin kai.

Kowace dabba ta zo, ungulu sai ta karɓi fatar, ta sunkuyar da kai don kada ta ga abin da bai zama dole ta gani ba. Duk da haka ta ga abubuwa. Ta ga zaki, sarkin dawa, da wani dogon tabo a gadon baya, irin wanda ba a samu sai wurin gudu. Ta miƙa masa fatarsa, ta ce, "A fito lafiya, ranka ya daɗe." Shekara da shekaru tana sunkuye a rana, har rana ta cinye gashin kanta. Su kuwa dabbobin, da yake kowa ya san ta ga abin da yake ɓoyewa, sai suka kasa haɗa ido da ita. Daga kasa haɗa ido sai gudu, daga gudu sai suka ce ƙazama ce.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "To ta tona musu asiri mana! Ta fara da zakin!"

Inna ta ɓare masara ta miƙa mini rabi. Ta ce, "Awo, tana iyawa. Amma in ta faɗi, baɗi gaban wa za su tuɓe?" Sannan ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, mu tashi mu kwanta.

Na girma, karatu bai yi nisa ba, na koyi tuƙi. Allah ya sa na samu aiki a gidan wani Alhaji a Sama Road, gidan malamai ne tun kaka da kakanni, shi kuma babba ne a gwamnati. Na kama ɗaki a unguwar Gidan Dare. A can babu wanda ya san Jikan Mai Gawa. Ni Modi direba ne kawai, mai wankakkiyar riga, ana cin abinci da ni a tire ɗaya a bakin get. Ban san yunwar wannan abin nake ji ba sai da na same shi.

Wata rana muna cin abinci aka wuce da makara. Hira ta faɗa kan mutuwa, sai maigadi ya ce a ƙauyensu ko ruwa ba a sha a gidan mai wankan gawa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ya juyo ya ce, "Kai Modi, wa gare ka a garin nan? Ba mu taɓa jin ka ambaci gida ba."

Na ce, "Ba ni da kowa. Kakata ce ta raine ni, ita ma ta rasu."

Babu wanda ya matsa mini. Da na ce tana saƙar faifai, da gaskiya na faɗa, maganar ta wuce. Amma na kashe ta da bakina, alhali ranar Juma'ar da ta wuce tuwonta na ci. Maganar ta shiga cikin gida, har Hajiya Luba, yayar Alhaji, ta riƙa tausaya mini. Da salla ta aiko mini da shadda, wai maraya ne. Na karɓa, na ɗinka, na sa.

Bayan kamar shekara guda mahaifiyar Alhaji ta rasu da hantsi. Ina goge mota Hajiya Luba ta fito da jajayen idanu, ta shiga baya. Ta ce, "Modi, ka san Ƙofar Kware? Akwai wata tsohuwa, Ige. Mama ta bar wasiyya kada kowa ya wanke ta sai ita."

Na ce, "Na ɗan san wurin, Hajiya."

Tun daga Sama Road har bakin lungunmu akwai lokacin da zan iya buɗe baki. Ban buɗe ba. Na tsaya nesa, na ɗaga gilashi, na jawo hula har gira, ina roƙon Allah kada wani ɗan unguwa ya gane ni. Dubi abin da na roƙi Allah a kansa.

Suka fito tare, Inna na riƙe da ƙwaryarta a ƙarƙashin mayafi. Ta zauna, ta ɗaga kai, idonmu ya haɗu a madubi. Na ga fuskarta ta washe, na ga bakinta ya buɗe zai kira ni da sunan nan. Sai na riga ta. Na ce, "Sannu, Baba. Ina kwana," da muryar da ake gai da tsohuwar da ba a sani ba.

Hajiya Luba ta ce, "Direbanmu ne, Modi. Yaron kirki, maraya ne. Kakarsa ce ta raine shi, ita ma Allah ya yi mata rasuwa."

Ina jin ƙarar injin, ina jin wani mai ruwa na tura kura a gefe. Inna ta sauke idonta daga madubi zuwa kan ƙwaryar da ke cinyarta.

"Allahu akbar," in ji ta. "Allah shi jiƙanta. Allah shi sa ta huta. Ya haƙuri, ɗan nan?"

Na ce, "Amin. Mun gode Allah."

Na ce amin. Wannan ita ce kalmar da nake ɗauke da ita har yau.

Ta yi aikinta, aka kai Mama makwancinta. Bayan la'asar aka ce in mai da ita, mu biyu kaɗai a mota. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har na fi son ta mare ni. Muka iso bakin lungunmu. Ta ce, "Tsaya nan, lungun ga ya matse, kada ka ƙuje motar mutane." Da ta sauka sai ta leƙo ta taga. "Juma'a akwai tuwon dawa, in kana da hanya."

Ban je ba. Juma'a biyar ban je ba. Da na je, tana bakin murhu, ta ɗago ta ce, "Lale, angona ya tuna da tsohuwar matarsa. Nana, zubo mai da yawa, abincin masu kuɗi bai riƙe ciki." Ko Nana, Inna ba ta gaya mata abin da ya faru ba. Shekara biyu ina zuwa kowace Juma'a da maganar a bakina. In na ɗauko, sai in ga tana dariya, in ce bari sai mako mai zuwa, kada in ɓata mata rai. Ƙarya nake wa kaina. Ba ranta nake tsoron ɓatawa ba, tuɓewa nake tsoro.

Ta rasu da damina, ranar Talata, bayan zazzaɓin kwana uku. Ina Kebbi da Alhaji, na dawo an riga an haɗa ta. Mata uku da ta koya wa aikin su suka wanke ta da magaryar cikin ƙwaryarta. Lungunmu bai taɓa ɗaukar mutane irin na ranar ba. Ladan ma yana cikin masu ɗaukar makara, don ita ta wanke mahaifiyarsa.

Kwana na biyu ina zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, sai ga Hajiya Luba ta zo ta'aziyya. Ta gan ni, ta tsaya cak. Na tashi na durƙusa, na faɗa mata komai a gaban mutane. Ta daɗe tana kallona.

"Modi, da bakinka?" in ji ta. "Wa ya ce maka mu muna ƙyamarta? Mama ta tsallake matan malamai nawa ta zaɓe ta." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka san abin da ta ce mini ranar, bayan ta gama? Na ce ta faɗi abin da take so a yi mata. Sai ta ce, ba komai, sai dai ku riƙe direban ga naku da kyau, shina da hankali, bai jefa ni rami ko ɗaya ba."

Ba a kore ni daga aiki ba. Wani lokaci nakan ji da an kore ni da ya fi mini sauƙi.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan Ladan take, da matan da ke zuwa sayen faifai. Sai da na tsufa na gane ni ne mai tabo a gadon baya. Ta gan ni tsirara a cikin madubin mota, ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini fatata, ta ce in fito lafiya. Ni kuma na yi abin da dabbobin suka yi, na kasa haɗa ido da ita.

Yanzu ƙwaryar na rataye a bayan ƙofar ɗakina. In an yi rasuwar namiji a Gidan Dare nakan bi liman in zuba masa ruwa, a hankali ina koyo. Nakan yi wa 'ya'yana tatsuniyar, amma ba su taɓa ganin ungulu ba, don ta ɓace daga saman Sakkwato, ko a mahauta ba a ganinta. Ƙaramarsu takan tambaye ni ko zakin ya taɓa komawa ya yi godiya. Nakan ce mata Inna ba ta kai mu nan ba.

Duk wanda ya ambace ta a unguwa yakan ce Allah ya jiƙanta, ni kuma in ce amin. Sai dai ban taɓa jin addu'ar da muryar mai yin ta ba. Da muryarta nake ji, daga kujerar baya.