Taguwar da Ba Ta Kuka Sai In Za Ta Tashi

A garinmu, can gefen Tirmini, in an gama sussukar gero sanyi ya fara shigowa, kakata Iya Hajo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. Mu jikokinta mukan kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ni nakan zo daga makarantar allo da tawada a yatsu, sai ta ce, "Ga mijin nawa, ba cefane sai baƙin hannu. Matso nan, tatsuniya ta iso, ku buɗe mata."

Akwai wadda ba na mantawa. Wani falke ne da taguwa guda, raƙumar da ya gada wurin ubansa. Sai ta fara kuka tana karkarwa. Mai maganin farko ya ce ciki ne, ya ɗura mata kanwa. Na biyu ya ce ƙafa ce, ya yi mata lalas. Kuka bai daina ba. Falke ya ja ta zai kai wa mahauta, ya tsaya shan ruwa wurin wata tsohuwa makauniya.

Nan Iya takan canza murya. "Ɗana, yaushe take kukan? Tana tafiya, ko tana durƙushe, ko in za ta tashi?"

Ba wanda ya taɓa yi wa falke wannan tambayar. Ya ce sai in za ta tashi da kaya. Tsohuwa ta lalubi ƙarƙashin sirdi, ta taɓa icen da ya tsage. Duk sa'ad da taguwa ta yunƙura, kaya ya koma baya, icen ya soke ta.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Iya, tana tona mana gyaɗa. "Mazauni ne ya lalace. Tatsuniya ta koma gida, ku ma ku tashi sallah."

Allah da ikonsa, gyaran mota ya zama sana'ata a Zinder. Bara wani direba, Ilu, mai jigila tsakanin Takieta da gari, ya shigo garejina da tsohuwar motarsa. Da ita yake ciyar da gidansa. An ce masa buwat ɗin ta mutu, wato akwatin giya, har ya yi magana da wani ɗan Kano mai sayen ƙarafa.

"Baba Malam, duba ta don kar in yi da-na-sani," ya ce. "Rawa take kamar mai zazzaɓi."

Na ce, "Yaushe take rawar?"

"Kullum mana!"

"Haba Ilu, ko matarka ba kullum take faɗa ba. Shiga ka tayar."

Na sa ya taka ambarayaj, fedar da ke raba inji da giya. Na kasa kunne. Da ta yi ƙara a lokacin, da na ce bute ce, 'yar ƙwallon da ke danna farantin ambarayaj. Shiru. Na ce ya saki ƙafa, giya a sake. Da ƙugi ya taso, ya ɗauke in an taka, da na zargi buwat. Nan ma shiru. Sai na ce ya sa giya ta farko ya ɗaga ƙafa a hankali. Mota ta kama karkarwa, wani abu ya buga daga ƙasa.

Sai in za ta tashi.

Na leƙa ko mai ya zuba a faranti, na ga wurin a bushe. Na zura hannu ƙarƙashin inji, na taɓa robar da yake zaune a kai. Ta rabe biyu. Kafin la'asar mun sa wata, mota ta tashi lami lafiya. Ilu ya riƙe hannuna yana cewa, "Wa ya koya maka wannan, Baba? Nasara?"

Na ce masa wata tsohuwa ce a Tirmini.

Muna yara na ɗauka labarin raƙumi ne kawai. Sai da furfura ta fito na gane cewa yawancin abin da muke yankewa hukunci, mota ko mutum, ba mu tsaya mun tambayi lokacin da yake kuka ba. Tambayar nan na rubuta ta da ajami a bangon garejina, da gawayi. Iya Hajo har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa shiga mota ba. Allah ya haskaka kabarinta. Motocin da ta ceta daga hannun masu ƙarafa suna nan suna yawo a hanyar Takieta.